Daga Faifan Ƙasa Zuwa Kartar Bature: Duba Dai Duba Ne

Bismillahir Rahmanir Rahim

(Matanin laccar da aka gabatar bayan sallar Isha'i a wani masallacin unguwa da ke Gyaɗi-Gyaɗi, Ƙaramar Hukumar Tarauni, Kano.)

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Masanin fake da bayyane, Wanda Ya keɓanta da sanin gaibu, bai yi tarayya da kowa a cikinsa ba. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (S.A.W.), da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.



Dalilin zaɓen wannan maudu'i wani abu ne da ya faru a nan unguwarmu. Wani dattijo ya same mu da kwali a hannu, ransa a ɓace, ya ce ga abin da ya tarar a ɗakin ɗansa ɗalibin jami'a. Muka buɗe, sai ga ƙunshin karta har kashi uku, masu zane-zanen mutane da taurari da takubba, irin wadda Turawa ke kira tarot, suke yin duba da ita. Da aka kira yaron sai ya ce shi tara su yake yi don sha'awar zanen, yana gwama wannan da waccan, in ya tashi da safe ya zari ɗaya ya ga yadda yininsa zai kasance. Bai taɓa yi wa kowa ba, bai taɓa karɓar ko kwabo ba. Amma da bincike ya yi nisa sai ya amsa cewa akwai ranar da ya fasa zuwa ganawar neman aiki, don kati mai hoton rusasshiyar hasumiya ya fito masa.

Uban ya hau shi da faɗa. Yaron ya sunkuyar da kai, cikin ladabi ya ce: "Baba, ka gafarce ni, amma ai lokacin auren Yaya kai ma ka kai sunanta da na mijinta wajen malam an buga ƙasa." Dattijo ya yi shiru. Mu ma muka yi shiru. Wannan shirun shi ne asalin laccarmu ta yau, domin cutar da ke cikin kwalin ɗan ita ce dai ke cikin faifan ƙasar uban.

ASALIN WANNAN KARTA

Masu sayar da ita a intanet sukan ce tsohon ilmi ne na mutanen Masar na zamanin Fir'auna. Tarihi ya ƙaryata su. Karta ta shiga ƙasashen Turai ne wajen shekarun 1370, kuma daga hannun Musulmin Masar na daular Mamalik ta fito. Har yau akwai ragowar kartarsu a gidan tarihi na Topkapi da ke Istanbul, mai alamun kofi da tsabar kuɗi da takobi da sandar wasan doki. Wajen shekarar 1440 sai masu mulkin arewacin Italiya, a birane irin su Milan da Ferrara, suka sa aka ƙara mata wasu katuna masu hotuna don wasa. Daga nan aka samu ƙunshi mai kati 78: manya 22, ƙanana 56. Shekara fiye da 300 wasa ake yi da ita, kamar yadda 'yan karta ke yi a bakin titi.

Sai a 1781 wani Bafaranshe, Antoine Court de Gébelin, ya rubuta cewa hotunan nan asirin bokayen Masar ne. Ya faɗi haka ne alhali a lokacin babu mahalukin da ke iya karanta rubutun mutanen Masar na dā, domin sai a 1822 Champollion ya warware shi, kuma da aka karanta ba a tarar da zancen karta a ciki ba. Wani ɗan ƙasarsa, Alliette, wanda ya juya sunansa ya koma Etteilla, shi ya mayar da abin sana'a, ya buga littattafan duba da ita. A 1909 aka fitar da ƙunshin da ya fi yaɗuwa a duniya a birnin Landan, wanda Arthur Edward Waite ya tsara, wata mai zane Pamela Colman Smith ta zana.

To, ga abin lura ga mai son gwamawa. A tsohon tsarin Marseille na Faransa, kati na 8 shi ne Adalci, na 11 shi ne Ƙarfi. Waite ya zo ya musanya su, ya mayar da Ƙarfi na 8, Adalci na 11, don su dace da lissafin taurarin da ya yarda da shi. Muka tambayi yaron nan: cikin ukun nan wanne ne ya san gobe? In duka sun sani, me ya sa suka saɓa? In ɗaya ne, da wane ma'auni ka gane shi? Abin da mutum ya zana da hannunsa, ya sauya masa lamba da son ransa, aka buga shi a injin ɗab'i, yaya za a yi ya san abin da mai zanen kansa bai sani ba?

NAMU NA GIDA

Kada mu yi wa ɗan zamani dariya mu manta da namu, gwano ba ya jin warin jikinsa. Bugun ƙasa, wanda Larabawa ke kira khaɗɗur ramli, ya daɗe a ƙasar Hausa, kuma littafin da aka fi jingina shi gare shi shi ne na Az-Zanati, mutumin Magrib. Yadda ake yi sananne ne. Mai duba zai ɗiɗɗiga ɗigo a kan rairayi ba tare da ƙirgawa ba, ya riƙa soke su bibbiyu, abin da ya rage ko ɗaya ko biyu. Layi huɗu su ba da siffa ɗaya. Siffofin duka 16 ne. Daga huɗun farko, waɗanda ake kira uwaye, ake fitar da 'ya'ya, a yi ta haɗawa har a kai ga shaidu biyu da alƙali.

Duk wanda ya yi lissafi a makaranta zai gane cewa bayan uwayen nan huɗu babu wani sabon labari da ke shigowa, tarawa ce kawai ta mara da cika. Yawan fuskokin da allon zai iya ɗauka 65,536 ne, ba ƙari ba ragi. Kuma saboda yadda ake tarawar, siffar da ke zama alƙali dole adadin ɗigonta ya zama cika, don haka 8 ne kaɗai cikin 16 ke iya hawa wannan kujera. Hukuncin aurenka da kasuwancinka da lafiyar ɗanka an rataye shi a kan ko hannun wani ya tsaya a mara ko a cika. Ibnu Khaldun, wanda ya rasu a 1406, ya yi bayanin wannan sana'a a cikin Muƙaddima, ya nuna cewa tsari ne da mutane suka ƙaga, ba shi da wata hujja da ke haɗa shi da gaibu.

Abin da ya fi muni shi ne a ƙasashenmu an laƙaba wa siffofin nan sunayen Annabawa da Sahabbai: wannan Yusufu, wannan Adamu, wannan Ibrahimu, wannan Umaru, wannan Aliyu. Sai talaka ya ji an ce Annabi Yunusa ne ya fito a gidansa, ya ɗauka addini ake yi. Wannan tsohuwar dabara ce. Bukhari ya ruwaito daga Ibnu Abbas (R.A.) cewa ranar buɗe Makka, shekara ta 8 bayan Hijira, an tarar da hoton Annabi Ibrahimu da Annabi Isma'ilu (A.S.) a cikin Ka'aba riƙe da kibiyoyin ƙuri'a, Manzon Allah (S.A.W.) ya ƙaryata mushirikai, ya tabbatar da cewa bayin Allahn nan biyu ba su taɓa neman rabo da kibau ba.

Sai kuma hisabi. A ɗauki sunan mutum da na mahaifiyarsa, a tara adadin haruffan, a raba da 12, abin da ya rage shi ne burujinsa. Bari mu gwada a gabanku. A lissafin abajada na mutanen Gabas, wanda littattafan bugun Masar ke bi, harafin shinun 300 ne. A na mutanen Magrib, wanda malamanmu na zaure suka gada, 1000 ne. Mu ɗauki Shu'aibu ɗan Maryamu. A lissafin Gabas Shu'aibu 382, Maryamu 290, jimla 672, in an raba da 12 ba saura, ya faɗa buruji na 12, wato Hutu. A lissafin Magrib Shu'aibu 1082, jimla 1372, saura 4, ya faɗa Saraɗanu. Mutum ɗaya, uwa ɗaya, taurari biyu. Ƙaddararsa ta dogara ke nan ga wane bugu malamin ya saya a Kasuwar Kurmi. Da irin wannan ake raba masoya, a ce tauraronsu bai haɗu ba.

Ba mu jahilci cewa manyan masana sun yi rubutu a waɗannan fannoni ba. Ana danganta Shamsul Ma'arif ga Ahmad Al-Buni, wanda ya rasu wajen 1225. Ɗan ƙasarmu Muhammadu Al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, gwani ne a lissafi, ya kuma wallafa Ad-Durrul Manzum a kan ɗalasimai da taurari. Muna girmama kaifin basirarsu a lissafi. Amma ma'aunin halal da haram shi ne Littafin Allah da Sunnar ManzonSa, kowa ana karɓar maganarsa ana kuma mayar masa, ban da ma'abucin kabarin Madina (S.A.W.).

HUKUNCIN SHARI'A

Allah Ta'ala Ya bayyana a Suratun Namli, aya ta 65, cewa babu mai sanin gaibu a sammai da ƙasa sai Shi. A Suratul An'am, aya ta 59, Ya ce mabuɗan gaibu a wurinSa suke. A ƙarshen Suratu Luƙman Ya sanar da mu cewa rai bai san abin da zai aikata gobe ba, bai kuma san ƙasar da zai mutu ba. A Suratul A'araf, aya ta 188, Ya umarci Annabi (S.A.W.) da kansa ya shaida wa mutane cewa da ya san gaibu da ya yawaita alheri, kuma cuta ba za ta shafe shi ba. In shugaban Manzanni ke nan, ina ga mai faifan rairayi? Ina ga takardar da aka buga a Landan?

Muslim ya ruwaito cewa wanda ya je wajen mai duba ya tambaye shi wani abu, ba za a karɓi sallarsa ba ta kwana 40. Imamu Ahmad da Hakim sun ruwaito daga Abu Huraira (R.A.) cewa wanda ya je ya kuma gaskata shi, ya kafirce wa abin da aka saukar wa Annabi Muhammadu (S.A.W.). Bukhari da Muslim sun ruwaito hani ga ladan boka, don haka abin da ake kira kafin alƙalami ko kuɗin sadaka, in dai a kan duba aka bayar, haramun ne ga mai bayarwa da mai karɓa.

Wannan fa ba sabuwar magana ba ce a Kano. Shehu Maghili, wanda ya zauna a birnin nan zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499), a cikin amsoshin da ya ba Askiya Muhammadu na Songhai ya yi tsananin hukunci a kan masu da'awar sanin gaibu ta hanyar zanen ƙasa da taurari da labarin aljanu da kukan tsuntsaye. Mujaddadi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya rasu a 1817, ya maimaita wannan gargaɗi a cikin Nurul Albab. Duk wanda ya ce baƙin malamai ne suka zo da hana duba, to bai karanta littattafan kakanninsa ba.

SHUBUHOHI HUƊU

Ta farko, ita ce ta yaron nan: ni kaina nake yi wa, ban je wajen kowa ba. Amsa ita ce, azlam ɗin Jahiliyya ma haka suke. Balarabe yakan ajiye kibau uku a jakarsa, ɗaya na umarni, ɗaya na hani, ɗaya ba rubutu, in zai yi tafiya ko aure ya zara da kansa. Suraƙa ɗan Malik ya ba da labari, kamar yadda Bukhari ya kawo, cewa shi da kansa ya zari kibansa ranar da ya bi sawun Annabi (S.A.W.) a hanyar Hijira. Wannan aiki na mutum shi kaɗai shi ne Allah Ya kira fasiƙanci a Suratul Ma'ida aya ta 3, Ya kuma jera shi da giya da caca da gumaka a aya ta 90. Wanda ya yi wa kansa duba ya haɗa laifi biyu, ya zama bokan kuma ya zama mai zuwa wajen boka.

Ta biyu: wasa nake yi, ban yarda da shi ba. To me ya hana ka zuwa neman aikin? Ma'aunin canfi shi ne ya tura ka ko ya mayar da kai. Zuciya ba ta san wasa ba a wannan babi, yau ka zara kana dariya, gobe ka zara gabanka na faɗuwa. Ita kuwa sha'awar zane, ai duniya cike take da abin sha'awa da ba a yi shi don duba ba, kuma mai kiwo a gefen shinge ya kusa faɗawa gonar mutane.

Ta uku: ai akwai hadisin da ya ce wani Annabi ya kasance yana zane a ƙasa. Gaskiya ne, Muslim ya ruwaito shi daga Mu'awiya ɗan Hakam As-Sulami (R.A.). Amma hadisin ya rataya halascin ne ga dacewa da zanen wancan Annabi, shi kuwa da wahayi yake yi. Imamun Nawawi ya bayyana a sharhinsa cewa tunda ba mu da hanyar sanin dacewar, abin haramun ne a kanmu.

Ta huɗu: ai wani lokaci yana faɗa ya zama gaskiya. Nana A'isha (R.A.) ta ruwaito cewa an yi wa Annabi (S.A.W.) irin wannan tambaya, ya bayyana cewa kalma ɗaya ce ta gaskiya aljani ke fizgowa, a cakuɗa ta da ƙarya ɗari. Mutane su riƙe ɗayar, su manta da ɗarin. Akwai kuma dabarar magana mai harshen damo. A 1948 wani malamin jami'a a Amurka, Bertram Forer, ya raba wa ɗalibansa 39 takarda, ya ce kowa bayanin halinsa ne shi kaɗai. Da aka ce su auna dacewarta daga 0 zuwa 5, matsakaicin abin da suka bayar ya haura 4. Ashe takarda ɗaya ce ya ba kowa, ya tsinto jimlolinta daga littafin taurari na kasuwa. Haka mai duba ke yi: akwai mai yi maka hassada a dangi, akwai tafiya a gabanka, ka taɓa yin asara. Wane ne a masallacin nan wannan bai dace da shi ba?

Tarihi kuma ya ajiye mana manyan kurakuransu. Masu taurari sun gargaɗi Halifa Mu'utasim kada ya fita yaƙin Ammuriyya a lokacin da ya yi niyya, ya fita, Allah Ya ba shi nasara a shekara ta 223 bayan Hijira, daidai da 838. A shekara ta 582, daidai da 1186, sun haɗu a kan cewa guguwa za ta halaka duniya saboda taruwar taurari a burujin Mizani, har mutane suka haƙa ramuka suka tara guzuri. Ranar ta zo ta wuce lafiya lau.

A nan sai mu yi hattara kada mu wuce gona da iri. Lissafin lokutan salla da alƙibla da husufin rana, da ƙidayar taurarin damina da manomi ke yi don sanin lokacin shuka, da hasashen masana yanayi, da hoton ciki da likita ke ɗauka, duk waɗannan ba duba ba ne. Dalilai ne da Allah Ya shimfiɗa, ana ganin su, ana auna su, in an yi kuskure a gyara.

ƁARNAR DA MUKE GANI

Ya bayin Allah, mu da ke zaman sulhu a unguwannin nan, daga Gyaɗi-Gyaɗi zuwa Hausawa da Darmanawa da Unguwa Uku, mun san abin da duba ke haifarwa. Mai duba ba ya cewa ban sani ba, dole ya nemo mai laifi, kuma mai laifin kullum na kusa ne: kishiya, ko uwar miji, ko maƙwabci, ko abokin kasuwa. Mun zauna da 'yan'uwa uwa ɗaya uba ɗaya da suka shekara ba sa gaisawa saboda an ce ƙasa ta nuna. Mun ga baiwar Allah da ƙari ya fito mata a mama, aka ce jifa ne, aka yi ta yanka da turare wata da watanni, alhali ga Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano nan a kan titin Zariya, tafiyar ƙafa daga gidanta. Da aka kai ta, likitoci suka ce an makara. Allah Ya jiƙanta. Ajali ba ya wuce lokacinsa, amma za a tambayi waɗanda suka hana ta neman magani.

MAFITA

Musulunci bai bar mu cikin ruɗu ba. Mai zuwa duba tsoro ne ke kai shi, ko ɗokin sanin abin da zai zaɓa, kuma shari'a ta ba shi abin da ya fi. Na farko shawara, wadda Allah Ya umarci AnnabinSa da ita a Suratu Ali Imrana, aya ta 159. In aure ne a binciki addini da hali da asali, a je asibiti a gwada jini. In kasuwa ce a tambayi waɗanda suka san ta. Na biyu istihara, wadda Jabir (R.A.) ya ce Annabi (S.A.W.) yana koya musu ita kamar yadda yake koya musu sura: raka'a biyu na nafila, sannan addu'ar da aka sani. Mai buƙata shi ke yin abarsa. Ba a sayen ta, ba a ba da kwangilarta, ba sharaɗi ba ne sai an yi mafarki, kuma ƙirga carbi ko buɗe Mus'hafi da ka don neman amsa ba ya cikinta. Na uku tawakkali: in ka yi azama ka dogara ga Allah, abin da ya same ka bai kasance zai kuskure maka ba.

Wanda ya taɓa faɗawa cikin wannan, ƙofar tuba a buɗe take. Ya yi nadama, ya daina, ya ƙona kayan, kada ya sayar ko ya kyautar, ya goge manhajar daga wayarsa, ya nemi gafarar duk wanda ya zarga a kan maganar mai duba. Mu kuma masu wa'azi mu ji tsoron Allah a kan harshenmu. Bayyana hukuncin aiki daban, yanke wa wani mutum takamaimai hukuncin kafirci daban, wannan yana da sharuɗɗa, kuma aikin malamai ne da alƙalai. Da yawan iyayenmu jahilci ne ya kai su, sun ga rawani da allo sun ɗauka addini ne. A karantar da su da tausasawa.

Shi dattijon da muka fara da labarinsa, shi ya fara cewa astagfirullah kafin ɗansa. Su biyun suka fita da kwalin bayan gida suka cinna masa wuta. Iyaye, ku duba ɗakunan 'ya'yanku da wayoyinsu, amma ku fara duba naku aljihun, domin ɗa ba ya barin abin da ya ga ubansa na yi don an yi masa tsawa.

Muna roƙon Allah Ya tsarkake zukatanmu daga shirka, babba da ƙarama, wadda muka sani da wadda ba mu sani ba. Ya nuna mana gaskiya Ya ba mu ikon bin ta, Ya nuna mana ƙarya Ya ba mu ikon guje mata. Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren kuwa daga gare mu ne da Shaiɗan, muna neman gafararSa.